Tabarmar da Aka Shimfiɗa Mini a Madabo

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shugaban zumunta, iyayenmu da ke zaune can baya, 'yan'uwana matasa, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Sunana Rahila. Waɗansunku sun san fuskata, ni ce mai zama a bencin ƙarshe kusa da taga, wadda in an ce a tashi a taka rawa sai ta kama gyaran ɗankwali. Ku yi mini haƙuri tun yanzu, ban iya shaidar da ake yi da tsalle ba. Ban yi hatsarin mota ba, likita bai taɓa cewa na kusa mutuwa ba. Zuciyata ce ta daina jin komai, alhali ina tafiya, ina ci, ina dariya, har ƙiba na yi. Daga cikin wannan Ubangiji ya fitar da ni, kuma shi na zo in faɗa.

Ni 'yar ƙauye ce, can kudancin jihar Kano. Babana manomi ne, shi ne kuma yake jan sujada a 'yar majami'armu in fasto bai samu zuwa ba. Innata tana cikin zumuntar mata. Muryarta ba ta da daɗi ko kaɗan, amma ita ce kullum take fara ɗaga waƙa, kuma ba wanda ya isa ya hana ta. A gidanmu ba a sa hannu a tuwo sai an yi addu'a, ko da miyar za ta huce, kuma takan huce ɗin, domin Baba ba ya gajarta addu'a.

Da na gama sakandare na ce sana'a zan koya. Aka haɗa ni da Hajiya Falmata, mai gyaran amare a Madabo, cikin birni. Aikinta shi ne dilka da halawa na gyaran fata, da turare da lalle, sannan kwalliyar ranar biki. A gidanta na zauna, aka ba ni ɗan ɗaki kusa da kicin.

Na san abin da waɗansu suke jira su ji, wai an matsa mini in bar bangaskiyata. Ba a yi ba. A gaban Allah nake tsaye, ba zan ɗora wa matar nan abin da ba ta yi ba. Ranar da Baba ya kai ni, a soro ta ce masa, "Malam Ishaku, 'yarka amana ce a hannuna. Safiyar Lahadi tata ce, ta je ibadarta ta dawo." Da farko kuwa ina zuwa. In fito daga lungu, in tari a-daidaita-sahu, mu fita ƙofar gari, in yi sujada in koma kafin azahar.

Ni da kaina na saki Lahadin. Kun san bikin Kano, daga Alhamis ake farawa sai Lahadi: kamu, ɗaurin aure, dina, yini, kai amarya. Da na ƙware sai amare suka fara cewa, "Ni Rahila nake so ta yi mini." Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba. 'Yar ƙauyen da ta zo birni da silifa da jakar leda, yau 'ya'yan manya suna layi don ta taɓa musu fuska! Sai in ce wannan Lahadin kaɗai, mai zuwa zan je. Mai zuwan ma akwai yini. Na koma jin wa'azi a waya ina ɗaura wa mutane ɗankwali, daga baya shi ma na daina kunnawa.

Ban sha komai ba, ban bi maza ba. In wannan kuke jira, shi ma babu. Aiki ne kawai, da waya, da sa hotuna ina duba mutum nawa suka yaba, da son a ce babu kamata. A gidan Hajiya in an kira salla kowa sai ya miƙe, har amaryar da ake tsakiyar yi wa gyara. Ni kaɗai nake saura a kan tabarma ina latsa waya. Su suna tsammanin ina yin tawa a ɗaki, mutanen gida kuma suna tsammanin ina yi a coci. Ba na yi ko'ina, kuma ba wanda ya sani.

Akwai abu ɗaya da na fi kowa iyawa a sana'ar nan, kuma ba jan gira ba ne. Hana amarya kuka ne. Amarya dole ta yi kuka. Kin ɓata lokaci kina gyara mata fuska, mai hoto bai iso ba, sai ga goggonta ta shigo ta fara nasiha, ko uwarta ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa. Nan da nan idon ya cika. In kika bari ya zubo, aikinki ya lalace. Sai in kama haɓarta in ce, "Kalli sama. Kar ki ƙifta. Manna harshenki a saman baki, ki ja numfashi ta hanci." In sa 'yar audiga a gefen idon. Hawayen sai ya koma inda ya fito. Ban taɓa yi ya ƙi ba. Hajiya takan tsokane ni ta ce in na tsaya a bakin rijiya na ce ta kalli sama, sai ta ƙafe.

Inna takan kira ni jefi-jefi. Wata rana an nuna mata hotunan aikina a wayar wani ɗan unguwarmu, ta kira tana dariya ta ce, "Ke Rahila, ashe haka kike mayar da mutane? Yaushe za ki yi mini irin wannan, in shiga zumunta in ba su mamaki?" Na ce, "Inna, in na zo Kirsimeti." Amma Disamba ita ce kakar biki, ba mai kwalliyar da take barin Kano a watan nan. Na aika mata atamfa. Shekarar da ta biyo ma atamfar na aika.

Wata Asabar ina unguwar Soron Ɗinki a ɗakin wata amarya, na gama mata ido ɗaya ina shirin kama ɗayan, sai wayata ta yi ƙara. Baba ne. Baba ba ya kira da rana, yana gona. Na san Inna ta kwana biyu tana fama da tari, amma an ce mini da sauƙi. Na maƙale wayar a kafaɗa na ce, "Baba, ina wuni."

Ya ce, "Rahila, Innarki ta tafi gida."

Na ce, "To, Baba."

Wani abu ya taso mini daga ciki har maƙogwaro. Ban yi shawara da kaina ba. Na ga dai idona a kan silin, harshena a saman baki, ina jan numfashi ta hanci. Abin ya koma. Amaryar ta ce, "Anti, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, rufe idon." Na gama mata ɗaya idon, na sa mata jan baki, na ɗaura ɗankwali. Kwalliyar ta yi kyau ƙwarai, da yamma har na sa hoton a waya.

Na ce wa Hajiya zan leƙa gida in dawo. Ban gaya mata dalili ba. Akwai wani babban biki a makon da ke tafe, na san in ta ji za ta ba wata. Ban da haka, in na faɗa za ta dube ni tana jiran in yi kuka, ni kuwa ba ni da shi.

An kai Inna majami'a a akwati, aka buɗe don a yi mata kallon ƙarshe. Matan zumunta sun sa mata zanensu, sun ɗaura mata ɗankwali, wata kuma ta shafa mata hoda. Na tsaya a kanta. Matar da ta haife ni, ta goye ni zuwa gona, take lasar yatsa ta goge mini fuska a ƙofar majami'a ina tirjewa. Na daɗe a tsaye. Abin da ya zo mini a rai shi ne hodar nan ta yi mata haske, kuma ba su shafa ta har wuya ba. Shi ke nan. Na jira wani abu ya biyo baya, ba abin da ya biyo.

Goggona ta faɗi ƙasa tana birgima, ni na tsince mata takalma na riƙe. Mutane suna ta satar kallon idona. Washegari da sassafe na shiga mota na dawo Kano, na yi bikin nan, aka yaba.

Watannin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba, domin ba abin da ya faru a cikinsu. Abinci ya koma kamar dusa a bakina, amma ina ci. Na taɓa buɗe Maganar Allah, idona ya bi layukan har ƙasa, na rufe. Na gwada rera waƙar da Inna take so, na ji muryata kamar ta rediyon maƙwabta. Wata rana garwashin kaskon turare ya faɗo mini a ƙafa, na tsaya ina kallonsa, sai da wata abokiyar aikina ta yi ihu ta kaɗe shi. Ban yi fushi da Allah ba. Da ma fushin na yi. Ko tunaninsa ba na yi, kuma hakan bai dame ni ba.

Bayan an gama girbin gero, wata Laraba da hantsi, aka ce ana sallama da ni a soro. Na fita, sai ga Baba a kan dakali, da hularsa ta zuwa coci. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa. Ya dube ni ya ce, "A gari ana ta magana. Waɗansu sun ce kin sake addini, waɗansu sun ce asiri kika shiga don sana'a. Na ce sai na zo na ji daga bakinki. Rahila, har yanzu ke ta Yesu ce?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Kina addu'a?"

Na kau da kai na dubi bango.

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa. Ya ce, "Da cewa kika yi kin bari, da na san abin da zan roƙa. Wannan ban san sunansa ba."

Muna haka sai Hajiya ta fito da mayafinta don ta gaishe shi. Suka gaisa, ya gona, ya damina, ya hanya. Sai ta ce, "Ya mamar Rahila? Kwana biyu ba ta aiko mana da daddawa ba, ko mun yi laifi ne?"

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, ashe ba ta gaya miki ba?"

Tun da nake da Hajiya Falmata ban taɓa ganin fuskarta kamar ta ranar ba. Ta yi salati, ta dafa bango. Da Baba ya faɗi lokacin da aka yi rasuwar, ta lissafa a ranta ta gane wane mako ne, ta juyo kaina.

"A gidana? Uwa ta mutu, 'yarta tana kwana a ɗakina, tana cin tuwona, ko tabarma ba a shimfiɗa ba? Ke wace irin yarinya ce? Me zan ce wa mutanen unguwa? Me zan ce wa Allah, da aka ba ni amanarki?"

Na ce, "Hajiya, ai ya wuce. Kuma gobe akwai kamu."

Ta ce, "Ko 'yar wane ce amaryar, wata ta je. Kwana uku ba za ki taɓa fuskar kowa ba. Za a zauna makoki a gidan nan kamar yadda ake yi wa kowane ɗan mutum."

Kafin azahar an share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi. An shimfiɗa wata a ƙofar gida, aka zaunar da Baba, mazan lungun suna zuwa suna ba shi hannu. Ni kuma aka yafa mini mayafi aka zaunar da ni kusa da Hajiya. Mata suka fara shigowa, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, har da amaren da na taɓa yi wa kwalliya, waɗansu da goyo.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Na lura suna ɗan inda-inda, domin ba su saba gaisuwar mutuwar Kirista ba. Wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin lungu ta ɗauko addu'ar da bakinta ya saba, ta tsaya a tsakiya, ta dubi Hajiya, sannan ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar nan. Allah ya ba ki haƙuri. Uwa ba wasa ba ce." Ta kama hannuna, ita ce ma take hawaye. Ni kuwa ina amsawa ina bin fuskokinsu da kallo, wannan ta aske gira da yawa, waccan man da take shafawa ya fara ƙona mata kumatu. Haka na wuni.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, Hajiya ta ce, "Ina naku?"

Na ce, "Su wa?"

"'Yan cocinku mana. Mu mun yi iya abin da muka sani. Amma akwai abin da sai naku ne za su yi miki. Kira su."

Na ɗauko waya na fara bin sunaye. Amare, ƙawayen amare, masu hoto, teloli, mai kawo mana lalle, mai a-daidaita-sahun da yake kai ni wurin aiki. Na bi har ƙarshe na sake dawowa sama. Babu ko mutum ɗaya. Hajiya tana kallona. Ta ce, "Duk shekarun nan a Kano, ba ki da wanda zai zo miki gaisuwa?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce babu. Ko kunya ban ji ba, na dai faɗa kamar an tambaye ni ko akwai sauran audiga.

Baba ne ya tuna da Mama Saratu, 'yar garinmu da ta yi aure a nan tun kafin a haife ni. Ga ta can zaune tana hararata don na kira sunanta. A gidanta Baba ya kwana, da safe suka taho tare, ita da waɗansu mata biyu na zumunta. Sun yafa manyan mayafai, suka yi sallama, suka gaida Hajiya. Ta sa aka kawo musu ruwa, sannan ta nuna ƙofata ta ce, "Ku shiga ɗakinta ku yi irin taku. A hankali dai, gidan mutane ne."

Ɗakin ba wurin durƙusawa. Ko'ina akwatunan kwalliya ne da kwalaben turare da ledojin gashin ido. Sai da suka ture kaya gefe. Suka ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa, kusan raɗa. Na san waƙar, bakina yana motsi. Ina jira in ji wani abu, ban ji ba. Ɗaya ta yi addu'a, ɗayar ma ta yi, ina cewa amin a inda ake cewa.

Sai Mama Saratu ta ce, "Rahila, ke ma yi."

Na ce, "Mama, in na yi, ƙarya zan yi. Ba na jin komai."

Ta ce, "Wa ya gaya miki sai mai ji yake addu'a? Babanki ya ce kin daɗe a tsaye a kan akwatin. Me kika gani?"

Na ce, "Ba zai faɗu ba."

Ta ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Shi da za ki gaya wa, yana wurin ranar."

'Yan'uwa, ban taɓa jin mummunar addu'a irin wadda na yi ba. Ba yabo a farkonta, ba aya a cikinta. Muryata kamar ina karanta wa wani kwatancen gida. Na ce, "Ya Uba, ni ce Rahila. Na kalli gawar Innata, hoda na gani. Na ga ta yi mata haske, na ga ba a kai ta wuya ba. Ta roƙe ni in yi mata kwalliya, na ce sai Kirsimeti. Wata ce ta yi mata, kuma ba ta iya ba. Ban san inda zuciyata take ba, ban ma neme ta ba. In kana sonta, kai ka nemo ta. A cikin sunan Yesu."

Ba wanda ya ce amin. Ana jiyo ƙarar tabarya daga maƙwabta.

Sai abin nan ya sake tasowa, daga ciki zuwa maƙogwaro, daidai kamar ranar Soron Ɗinki. Jikina kuwa ya san aikinsa. Kaina ya ɗaga, idona ya nufi silin, harshena ya manne. Ya fara komawa, ina jinsa yana komawa.

Mama Saratu ba ta san komai game da dabarar nan ba, sai daga baya na ba ta labari. Ita dai ta buɗe ido ta ga yarinya ana addu'a tana kallon rufi. Ta sa tafin hannunta a ƙeyata ta danna, kamar yadda ake yi wa yara a makarantar Lahadi, ta ce, "Sunkuyar da kai, a gaban Allah kike."

Kuma in kai yana ƙasa, hawaye ba shi da hanyar komawa.

Ɗigo na farko a bayan hannuna ya sauka, na tsaya ina kallonsa. Daga nan ban san abin da ya faru ba. An ce mini ihu na yi, ina kiran Inna, ina cewa ta tsaya in gyara mata. Duk roƙon da Hajiya ta yi na a hankali, ni na karya shi. Mama Saratu ba ta ɗauke hannunta ba, ba ta kuma ce in yi shiru ba. Ina jinta a kaina tana cewa, "Na gode, Yesu. Na gode, Yesu." Abokan aikina suka taso za su shigo, na jiyo muryar Hajiya daga tsakar gida tana cewa, "Kar wadda ta taɓa labulen nan. Alhamdu lillahi. A ƙyale ta."

Yabo ga Ubangiji! Ku taya ni faɗa, tawa muryar ba ta kai ba tukuna.

Ba daɗi na ji ba, kar in yi muku ƙarya. Ciwo na ji, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta jini ya fara komawa. A ranar ce Innata ta mutu a wurina. Amma a cikin ciwon na san ba ni kaɗai ba ce a ɗakin nan, kuma ba matan nan uku nake nufi ba. Wanda na daina yi wa magana bai daina saurarona ba. Addu'ar da ko ni ban yarda da ita ba, ya karɓa.

Da na iya miƙewa na fita soro wurin Baba. Idona ya kumbura, hancina yana zuba, mayafin ya karkace. Akwai dattawa biyu zaune tare da shi, da suka gan ni suka tashi suka ba mu wuri. Na durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon fuskata. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Tun da aka binne ta, mutum biyu nake yi wa makoki. Yau saura ɗaya."

Har yanzu ina Madabo, ina sana'ata. Safiyar Lahadi ba na karɓar aiki. Waɗansu amaren sun yi fushi sun koma wurin wasu, kuma wani lokaci abin yana sosa mini rai in na ga hotunan, domin son a ce ni ce bai gama mutuwa ba. In na yi nauyin tashi, Hajiya ce take buga mini ƙofa ta ce ko yau coci ta tafi hutu ne.

Ban warke duka ba. Akwai ranakun da nakan wayi gari in ji cikina fayau kamar dā, in zo nan ana waƙa ina kallon bakin mutane. Bambancin shi ne yanzu in na ji haka ina gaya masa. In ce, Uba, yau ma babu komai, ga ni dai. Wani lokaci yakan amsa a ranar, wani lokaci sai an kwana biyu.

Saboda haka in akwai wani a nan da yake tafi da hannu alhali cikinsa shiru, kar ka jira sai ka ji wani abu kafin ka yi magana da Ubangiji. Kai masa shirun yadda yake. Ka dogara gare shi ko ba ka jin kana dogara, ba ya ƙyamar mutum don zuciyarsa ta daskare. Ku kuma shugabanni, akwai irina da yawa a cikin gari, a shaguna da gidajen mutane, ba wanda ya kore su daga coci, aiki ne ya cinye su. Ku neme su tun kafin a yi musu mutuwa.

Na gode wa Allah saboda Babana, da Mama Saratu, da Hajiya Falmata, Ubangiji ya sāka mata da alheri. Abu na ƙarshe, tun da Inna ta tafi ban taɓa kiran sunanta a cikin jama'ar Allah ba, ina so in kira yau. Sunanta Hannatu. Ta ƙaunaci Yesu, ta ƙaunace ni, kuma ina kewarta ƙwarai.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.